Babi na Bakwai: Me Ya Sa Shagona Ba Ya Buɗewa da Wuri?

"Na biya kuɗin shekara, an gina mini shago a intanet, to me ya sa yake nauyi haka?" Duk wanda ya fara saye da sayarwa ta shafinsa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya yi wannan tambaya. Mai shadda da yadi a cikin garin Daura yana yin ta, mai turaren wuta a Zango tana yin ta, haka mai ɗinkin huluna a Sandamu. An tura wa kwastoma adireshin shago, ya danna, waya ta kama juyawa. Ya jira, ya gaji, ya dawo WhatsApp ya rubuto: "Abin naku ba ya buɗewa, ku turo mini hotuna kawai." Wanda ya rubuto ma ya yi maka alheri, domin mafi yawa ba sa cewa komai, wucewa suke yi.

Amsa biyu aka saba ba mai wannan kuka. Wasu su ce netwok ne, a yi haƙuri. Wasu su ce hostin ɗin ne ya yi ƙarami, a ƙara kuɗi a koma babba. Kowace tana iya zama gaskiya. Amma a ƙananan shaguna, nauyin ya fi fitowa daga kayan da mai shago ya lafta wa shafinsa da hannunsa, kuma yana iya sauke su ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Aikin wannan babi shi ne ya nuna maka inda nauyin yake ɓuya, domin ka gyara abin da ya lalace, ka bar kuɗinka a jarinka.

Daƙiƙa uku

A shekarar 2016 kamfanin Google ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. A wajenmu akwai dalilin da ya ƙara wa lamarin zafi, wato kuɗin data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Kwastomarka da ke Baure ko Mai'aduwa ta san abin da ta loda, kuma tana kallon yadda yake zurarewa. Shafin da ya cinye mata data kafin ta ga launin atamfa ya sa ta biya kuɗi tun ba ta sayi komai ba.

Akwai kuma maganar amana. Mutumin da za ka ce wa ya tura kuɗi tun bai taɓa kaya da hannunsa ba, dama zuciyarsa tana ɗar-ɗar. Idan shafi ya tsaya cak a daidai lokacin biya, ba ya tunanin matsalar na'ura ce, damfara yake zargi. Saurin shago wani ɓangare ne na mutuncin mai shago.

Gidan haya

Shagonka ba a cikin wayarka yake zaune ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Hayar wuri a cikinta shi ne abin da masu sana'ar ke kira hostin. Mafi araha, kuma wanda kusan kowa ke farawa da shi, shi ne hostin na haɗaka, inda ake zuba shafuka ɗaruruwa a saba guda.

Ka ɗauke shi kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa. Ɗakinka naka ne, kai ke riƙe da makulli. Amma famfo ɗaya ne, mitar wuta ɗaya ce, zaure ɗaya kowa ke bi. Kuɗin haya ya yi sauƙi ne saboda an raba shi. Domin kada wani ya kwana a bakin famfo ya hana sauran ɗiba, mai gida ya yanka wa kowa ƙa'ida: ga iya ruwan da za ka ɗiba, ga iya wutar da za ka sha.

Haka kamfanonin hostin suke yi. Da yawansu suna amfani da wani tsari mai suna CloudLinux, wanda ke ƙayyade wa kowane shafi ƙarfin injin da zai ci, da girman ƙwaƙwalwar da zai riƙe, da yawan buƙatun da za a yi masa aikinsu a lokaci guda. Idan ka kai iyakar ƙarfin inji, sai shafi ya koma tafiya a hankali. Idan ka cika yawan buƙatu, sai a rufe wa sabon baƙo ƙofa, ya ga lamba 508 a fuskar wayarsa. Kada tallan da ke cewa "babu iyaka" ya ruɗe ka. Galibi maganar wurin ajiya da yawan zirga-zirga ake yi, ƙarfin inji kuwa kullum a ƙayyade yake.

Wannan ba zalunci ba ne, yarjejeniyar ke nan. Abin da ya rage maka shi ne ka koyi zama a cikin rabonka.

Auna kafin ka kashe kuɗi

Kuskuren farko shi ne gwada shago a kan kwamfutar wanda ya gina shi, a ofis mai intanet mai ƙarfi. Kwastomominka ba a can suke ba. Nemi ƙaramar wayar Android irin wadda yawancin mutane ke riƙewa, wadda ba ta taɓa buɗe shagon ba. Gwada da layin MTN, ka gwada da Airtel ko Glo. Gwada da safe, ka sake bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya kama waya. In da hali, ka roƙi wani ɗan'uwa a ƙauye ya gwada, haka wani a Kano, haka wani a Damagaram idan kana da masu saye a tsallaken iyakar Kwangwalam.

Kana gwadawa, ka lura da jira iri biyu. Na farko, fuskar waya ta tsaya fari fat, babu ko harafi. Wannan yana nufin saba ba ta ba da amsa ba tukuna. Matsalar tana can cikin gida, ko dai aiki ya yi mata yawa ko hanya ta yi nisa. Na biyu, rubutu ya fito da wuri amma hotuna suna saukowa da ƙyar, kuma maɓalli ba ya amsa dannawa. Wannan alama ce ta cewa kayan da ake turo wa wayar sun yi yawa. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya, shi ya sa rarrabe su yake da muhimmanci.

Daga nan sai ka shiga PageSpeed Insights, ma'aunin Google na kyauta, ka saka adireshin shagonka, ka duba sakamakon waya. A ƙa'idarsu, babban abin da ke fuskar shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, in ya haura daƙiƙa 4, shafin ya shiga sahun marasa kyau. Amsar farko daga saba kuma ana so ta iso cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A ƙarshe ka buɗe cPanel, wato shafin da kake sarrafa hostin ɗinka, ka nemi sashen da aka rubuta Resource Usage. Nan za ka ga ranaku da sa'o'in da ka bugi iyakar rabonka. Rubuta duk waɗannan a takarda, domin da su za ka gane ko gyaran da ka yi ya yi amfani.

Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki kwafin shagon gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri dabam. Sannan ka riƙa gyara abu ɗaya, ka auna, kafin ka kama na gaba.

Hotuna ne kan gaba

Mu ƙaddara wata mai sayar da atamfa da leshi a Daura. Ta shimfiɗa kaya, ta ɗauki hotuna masu kyau da wayarta, ta ɗora su a shago yadda suke. Hoton waya irin na yanzu yana kai megabait 4. Idan shafinta na farko ya jawo irin waɗannan guda 20, megabait 80 ke nan. A wurin da sabis ke ba da megabit 2 a daƙiƙa, hoto ɗaya kaɗai zai ci daƙiƙa 16 kafin ya sauka. Babu sabar da za a saya mata da za ta warkar da wannan, domin matsalar tana tsakanin eriyar kamfanin waya da wayar mai saye.

Abin da ya kamata ta yi mai sauƙi ne. Ta rage faɗin kowane hoto zuwa wajen fiksel 1,000 ko 1,200, wanda ya ishi a ga zanen atamfa sarai. Ta matse shi ya koma wajen kilobait 100. Hotuna 20 sun dawo megabait 2, kashi ɗaya cikin arba'in na nauyin farko. Akwai shafukan kyauta masu yin wannan aiki, irin su Squoosh da TinyPNG. Akwai kuma tsarin hoto mai suna WebP da Google ya fito da shi a 2010, wanda yake rage nauyi fiye da JPEG, kuma WordPress, tsarin gina shafuka, yana karɓar sa tun 2021.

Tun 2020 WordPress yana jinkirta sauko da hotunan ƙasan shafi sai mai kallo ya gangaro wurinsu. Wannan yana taimakawa, amma bai ɗauke maka aikin rage su ba. Haka nan manyan hotunan nan masu zagayawa a saman shafi, da bidiyon da ke kunna kansa, ka cire su. Idan kana da bidiyon kaya, ka ɗora shi a YouTube ko Instagram, ka sa mahaɗi. Shafin farko kuma ya wadatu da kaya goma sha biyu ko sha shida, sauran a bi su shafi-shafi.

Ruwan randa

Yawancin ƙananan shaguna an gina su ne da WordPress tare da WooCommerce, manhajar ciniki da ta fito a 2011. Irin wannan shafi ba a ajiye yake a shirye ba. Duk sanda wani ya danna, sai saba ta tashi, ta tambayi rumbun bayanai suna da farashi da yawan kayan da suka rage, ta harhaɗa shafin daga tushe, sannan ta aika. Idan mutum ɗari suka buɗe shafin shadda guda, sau ɗari za ta maimaita aiki iri ɗaya. Nan ne rabonka na inji yake ƙarewa.

Mai hankali a gidan haya ba ya zuwa famfo duk lokacin da zai sha ruwa. Yana cika randa da asuba, ya yi ta ɗiba har yamma. A shafin intanet ma akwai wannan dabara: a harhaɗa shafi sau ɗaya, a ajiye kwafinsa, duk wanda ya zo a miƙa masa shiryayye. Masu sana'ar suna ce mata kash. Ita ce gyara mafi girma ga jira irin na farko, na farar fuska.

Tambayi kamfanin hostin ɗinka wace irin saba suke amfani da ita. Idan LiteSpeed ce, saka LiteSpeed Cache, kyauta ce kuma don ita aka yi ta. Idan ba ita ba ce, WP Super Cache zai yi aikin. Guda ɗaya za ka saka, domin biyu karo suke yi da juna.

A kula da abu biyu. Shafin kwandon saye, da na biyan kuɗi, da na asusun kwastoma, ba a ajiye kwafinsu, don kada wani ya buɗe ya tarar da odar wani. Manhajojin kirki suna ware su da kansu, amma ka gwada da waya biyu ka tabbatar. Sannan duk lokacin da ka sauya farashi, ka duba ka ga sabon ya fito. In tsohon ne ke nan, sai ka share kwafin da aka ajiye. Farashi biyu a kaya ɗaya rigima yake jawowa.

Kayan da suka cika ɗaki

Ƙarin manhajojin da ake liƙa wa WordPress, waɗanda ake kira fulogin, kowanne yana da aikin da yake sa saba ta yi. Wannan na taurari masu walƙiya, wancan na akwatin hira, wani na ƙirga baƙi, wani an saka shi tun ranar gini an manta. Jera su duka, ka tambayi kanka a kan kowanne: in na cire shi, ciniki zai tsaya? Wanda amsarsa a'a ce, goge shi. Idan kana zargin wani amma ba ka tabbata ba, wani fulogin mai suna Query Monitor yana nuna wanda ya fi wahalar da rumbun bayanai. Ka yi amfani da shi ka cire shi bayan ka gama.

Haka rigar shafin, wato tsarin kamanninsa. Masu ƙyale-ƙyale da yawa suna zuwa da lodin da ba ka buƙata. Marasa nauyi irin su Storefront, wanda masu WooCommerce suka yi da kansu, ko Astra da GeneratePress, sun ishi ƙaramin shago.

Ina jan kunne da babbar murya a kan manhajar sata, wadda ake sayarwa da dala amma wani ya ba ka ita kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa akwai ɓoyayyen umarni a cikinta da ke mayar da shagonka wurin aika saƙonnin banza ko kafar shigar ɓarayi. Ƙarfin injin da ka biya wani ne zai riƙa ci, kuma bayanan kwastomomin da suka amince da kai suna cikin haɗari.

Akwai gyare-gyare uku da ya fi kyau ka sa wanda ya iya ya yi maka. Na ɗaya, sabunta PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi. PHP 7 da ya fito a 2015 ya kusa ninka saurin na gabansa, amma shi ma an daina kula da zubinsa na ƙarshe tun Nuwamban 2022, don haka a koma zubi na 8 bayan an tabbatar manhajojinka sun dace da shi. Na biyu, share tarkacen rumbun bayanai, irin tsofaffin kwafin rubutu da ragowar manhajojin da aka goge, tare da kunna sabon tsarin ajiyar oda na WooCommerce, wanda sababbin shaguna ke zuwa da shi a kunne tun Oktoban 2023. Na uku, ayyukan da WordPress ke yi a bayan fage, kamar aika saƙo da duba sabuntawa, waɗanda a tsarinsa na asali shigowar baƙo ce ke tayar da su. A mayar da su kan agogon saba ta cPanel, su riƙa tashi a lokacin da aka yanka musu.

Daura a yau tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, kuma matasa masu ilimin kwamfuta suna ƙaruwa a masarautar. Ka nemi mai amana, ka biya shi haƙƙinsa, amma sunan shafi da asusun hostin su kasance da sunanka da imel ɗinka.

Nisan hanya

Idan sabarka tana Ingila ko Amurka, duk dannawar da aka yi a Daura sai ta bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas, ta shiga wayoyin teku irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano na Google da ya iso Legas a 2022, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo. Haske a cikin irin wannan waya yana cin wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa, duk da haka zuwa da dawowa tsakanin Legas da Landan yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kafin shafi ya fara fitowa kuma sai an yi wannan kai-komo sau uku ko huɗu. Yammacin Amurka ya ninka haka.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka rikice a Najeriya da maƙwabta. Ranar ta tuna wa mutane da yawa cewa wurin da saba take yana da tasiri. Saboda haka ka tambayi kamfaninka kai tsaye: a wane gari sabar take? Kasancewar kamfani na Najeriya ba ya nufin injinsa yana Najeriya, domin da yawa haya suke yi a ƙasashen waje.

Ko da sabarka tana nesa, akwai sauƙi. Kamfanin Cloudflare yana da tsarin kyauta da ke ajiye kwafin hotunanka da sauran fayiloli a cibiyoyinsa na faɗin duniya, kuma yana da cibiya a Legas. Yana kuma tare wani kaso na manhajojin da ke yawo suna ƙwanƙwasa shafuka dare da rana suna cin rabon mutane. Ka haɗa shi, ka sake aunawa da layuka daban-daban, ka riƙe shi idan ma'auni ya nuna ci gaba.

Ranar cunkoso

Cinikinmu yana da lokuta. Goman ƙarshe na azumi, gabanin babbar sallah, lokacin bukukuwan aure, da Sallar Gani da ke cika Daura da baƙi a watan Rabi'ul Awwal, su ne ranakun da ake neman shadda da hula da turare. Su ne kuma ranakun da shago ya fi faɗuwa, domin ka sa talla a Facebook ko ka tura adireshi a zaurukan WhatsApp, mutane suka danna a tare.

Ka gama duk gyara mako biyu kafin irin wannan lokaci, kada ka saka sabuwar manhaja a tsakiyarsa. Ka rarraba tallanka, wannan zaure da safe, wancan da yamma. Adireshin da za ka tura ya kai mutum kan kayan da ka tallata kai tsaye. Kuma lambar wayar shago ta kasance a sarari a kowane shafi, domin wanda ya maƙale ya samu hanyar kiranka.

Yaushe ya kamata a tashi?

Akwai ranar da ɗakin haya yake yi wa mutum kaɗan da gaske. Alamominta a bayyane suke: ka rage hotuna, ka saka kash, ka zubar da manhajojin banza, amma cPanel yana nuna kana bugun iyaka kusan kullum. Shafin biyan kuɗi, wanda ba a ajiye kwafinsa, yana jan ƙafa ko da tsakar dare. Ko kuma ma'auni ya nuna ba ka kai rabin rabonka ba, amma amsar saba tana jinkiri. Wannan yana nuna an cika gidan da 'yan haya fiye da ƙima. Rubuta wa kamfanin, ka haɗa da alƙaluman da ka tara, ka nemi su mayar da kai wata saba. In ba a samu gyara ba, ka nemi wani kamfani.

Mataki na gaba shi ne babban rabo a hostin na haɗaka, sannan abin da ake kira VPS, inda ake yanka maka kason inji naka kai kaɗai. VPS yana buƙatar mai kula da tsaronsa da sabunta shi, kuma idan da dala ake biya, ka tuna yadda farashin irin waɗannan hidimomi ya tashi a naira tun da aka saki canji a watan Yunin 2023. Ka lissafa da ribar da shagon yake kawowa a wata. Idan ciniki ne ya tura ka tashi, alheri ne, ka tashi da farin ciki. Wanda ya tashi da hotuna masu megabait 4 da fulogin arba'in kuwa, zai tarar da nauyinsa yana jiransa a sabon wuri, ga ƙarin kuɗin haya.

Yanzu shago yana buɗewa da wuri, kwastoma ya zaɓi kaya, ya iso wurin biya. A nan ake asarar ciniki mai yawa, domin wani yana tsoron saka lambar katinsa, wani ya fi son tiransfa, wani kuma sai ya ga kaya zai biya. Babi na gaba zai duba yadda ake karɓar kuɗi ta Paystack da Flutterwave da tiransfar banki, da yadda ake gane alat na bogi, da yadda za a tsara biya bayan an sauke kaya a tasha.